Zuwa Ga Bawana Bakano, Mai Shirin Sarin Shirme Daga Edinbara

Bawana Bakano, ina kasuwa? Na san labarinta za ka fara ba ni kafin ka tuna kana da iyali, shi ya sa na gabatar da ita. To ina iyalin, in suna nan?

Saƙonka ya same ni daren Talata a teburin mai shayi, nan bakin titin Samaru daura da ƙofar jami'a. Murya ce ta minti goma sha ɗaya, ka cinye mini data, shayina ya huce. Da na sheƙe surutun na zubar da dusar, ga tsabar da ta rage. Yaronka da ka tura karatu Sikotlan ya turo maka bidiyon wasu ƙartin Turawa biyu sanye da kayan barci, a wani ɗaki da bai kai shagonka na Kwari faɗi ba, ba su da kayan aiki sai kujera biyu. Ɗaya ya zama doki, ɗayan ya zama tsohuwa, kafin ƙiftawa da bismilla tsohuwar ta rikiɗe ta koma wata halitta da ko a tatsuniya ba ka taɓa jin irinta ba. Mutane kuma sun biya kuɗin shiga da fam, suna ta dariya har da riƙe ciki. Ka jawo kalkuleta ka juya fam zuwa naira, ka ninka da yawan kawunan da ka ƙirga a bidiyon, daga nan barci ya yi maka ƙaura. Shi ne kake roƙona, tunda ni ɗan boko ne, in binciko maka kamfanin da ke yin wannan haja, ka zama dilansu na Nijeriya kafin wani ya riga ka.

Allah Sarki, Bakano. Ko mafarki aka ba ka labari, sai ka tambayi nawa ne dozin.

To gyara zama in karantar da kai kamar yadda kakannina suka karantar da naka, kyauta, tunda na san ba biya za ka yi ba.

Mutanen nan da ka gani sunansu Pajama Men, wato Shenoah Allen da Mark Chavez, 'yan garin Albuquerque a Amurka, kuma kayan barcin nan da kujerun nan su ne duk jarinsu. Bikin da ya fito da su a birnin Edinbara ake yin sa duk watan Agusta. Asalinsa kuwa zai yi maka daɗi, don labarin danginka ne. A 1947, yaƙin duniya na biyu bai daɗe da ƙarewa ba, manyan garin suka shirya gagarumin bikin kiɗa da wasan kwaikwayo, suka aika wa fitattun duniya goron gayyata. Sai ga ƙungiyoyin wasa takwas da ba wanda ya kira, sun sauka da komatsansu. Gayyar soɗi ke nan, irin wadda kake yi mini duk sallar layya. Ba su yi zuciya sun juya ba, suka nemi ƙananan zauruka a gefe suka baje kolinsu. Shekara ta zagayo wani marubuci, Robert Kemp, ya kira abin nasu wasannin gezar biki, Firinj da bakinsu, sunan kuwa ya bi su. A 1958 aka kafa wa abin ƙungiya, bisa sharaɗi guda da har yau ba a taɓa ba: babu kwamitin tantancewa. Duk wanda ya sami ɗaki ya zo ya yi abinsa, gwani ne ko gwanin ban haushi. Yau gezar ta fi rigar girma nesa ba kusa ba. A 2019 wasanni sama da 3,800 aka yi, aka sayar da tikiti fiye da miliyan 3 cikin mako uku da 'yan kwanaki.

Na ji kalkuletarka ta sake ƙara. Ajiye ta, akwai saura.

A wannan kasuwar Rowan Atkinson ya gwada sa'arsa a 1976 yana ɗalibi, shi ne Mista Bin ɗin nan da kake cewa ya yi kama da surukinka. A 1981 aka fara ba da kyautar gwarzon ban dariya, ɗaliban Kambirij suka lashe, cikinsu har da Stephen Fry da Hugh Laurie waɗanda daga baya suka zama biyu kamar ɗaya a talabijin. A 1998 wasu biyun, Julian Barratt da Noel Fielding, suka ci kyautar sababbin hannu da wasansu The Mighty Boosh, labarin masu gadin gidan zu guda biyu da suka tsinci kansu a dajin tsafi. Waɗannan su ne waɗanda kasuwa ta yi wa kyau, su ake ba da labari. Sauran dubban kuwa yini suke a babban titin garin suna miƙa wa masu wucewa takardar talla, ruwa na dukansu, in dare ya yi su yi wasa gaban mutum huɗu. Hayar ɗaki a watan Agusta a garin nan sai ta sa ka kuka, da yawansu da bashi suke komawa gida. Shi ya sa tun 1996 wani mai suna Peter Buckley Hill ya ɓullo da tsarin shiga kyauta: ka kalla, in za ka fita ga bokiti a bakin ƙofa, ka jefa abin da ya sawwaƙa. Ka ji ko? Bature ya sha wahala shekara arba'in da tara kafin ya gano ƙwaryar tashe.

Nan nake son ka buɗe kunne. Hajar da kake son yin oda daga bayan teku, a gidan ubangidanka ake saƙa ta, wato nan Zazzau. Kai da ka saba zuwa Zariya ka ci fate ka koma kana kushe shi, ba ka taɓa lura da yadda aka shimfiɗa garin ba? Birni da ganuwarsa da fadarsa shi ne babban biki, na masu goron gayyata. Da layin dogon da ya taso daga Baro ya ratsa ta nan ya isa Kano a 1911 (ka lura, sai da ya gaishe mu tukuna), ya kwaso leburori da akawuna da 'yan tireda, Yarabawa da Ibo da Nufawa da mutanen Gwalkwas. Ba a buɗe musu ƙofar birni ba, aka yanka musu fili kusa da tasha aka ce ga Sabon Gari. Can gaba kuma Turawan gona suka kafa tashar binciken noma a Samaru a 1922, jami'a ta zo ta same su a 1962. Yau in baƙo ya ce ya je Zariya, tambaye shi da kyau, sau da yawa bai wuce Samaru da PZ da kasuwar Sabon Gari ba. Gezarmu ma ta fi rigar. Har 'yan tawayen zane, su Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, waɗanda suka kafa ƙungiyarsu a 1958 suka ƙi bin malamansu Turawa ido rufe, a wannan gefen suka yi tawayensu. Shekara guda ke nan da kafa ƙungiyar Edinbara, sai dai mu ba mu yi talla ba, ba halinmu ba ne.

Ina yaro, in an aike ni kasuwar Sabon Gari sayen kayan miya, rabin dukan da na sha a gida 'yan kama ne suka ja mini. Ɗan kama zai tsaya ya gyara murya kamar malamin da zai buɗe tafsiri, fuska a murtuke, ya ɗauko wa'azi tiryan-tiryan, da ƙira'a da komai. Sai ka matso ka ji ashe duk a kan tuwo ne. Azabar da ake tsoratarwa ta wanda ya ga malmala ya kau da kai ce, ladan kuma na wanda ya side kwano ne. Waƙoƙin manyan makaɗa ma haka yake yi musu, ya cire sarki ya sa miyar kuka a gurbinsa. Abokinsa na gefe yana gyaɗa kai yana amsawa kamar almajirin da karatu ya ratsa. Wani Bature, C. G. B. Gidley, har nazari ya wallafa a kan 'yankamanci a 1967, lokacin kai kana koyon ƙirga sisi da taro. Ga 'yan gambara, su ma ba sa tafiya su kaɗai: wannan ya jefa, wancan ya cafe ya mayar, bakinsu ba linzami, mata na rufe fuska da gyale amma ba sa barin wurin. Ga mai maganin tasha da ɗan korensa, wanda jiya-jiya ya warke daga cutar da ba a taɓa jin sunanta ba, gobe ma zai sake warkewa a wata tashar. In azumi ya kai goma kuma gari ya zama na 'yan tashe, yaro ɗan shekara tara ya manna auduga a haɓa ya zama tsoho tukuf, wani ya rataya tarkace ya zama Jatau mai magani, gida-gida ba wanda ya gayyace su, ba wanda ya tantance su, ƙwarya a hannu. In ka cire ruwan sama da fam, me Edinbara ta fi mu da shi? Kai, tun kafin duk wannan, wa ya riga Gizo da Ƙoƙi? Miji gizo-gizo, mata ƙoƙi, suna zaune gida ɗaya suna rigima a kan abinci, kuma ba yaron da ya taɓa ɗaga hannu ya ce wa kakarsa wannan aure bai yiwuwa.

Na san abin da za ka ce. Za ka ce Zage-zagi ne za su koya wa mutane magana, mutanen da ba su raba mace da namiji ba, mota ne, yarinya ne, matana ya dawo. Ai ka kawo mini shaida da bakinka. Al'ummar da za ta dubi tunkiya da nonuwanta ta ce "ya haihu", ba wanda ya ko murmusa, ita ya kamata a tambaya game da wannan sana'a.

Ka tuna ranar da na kai ka dandalin wasan kwaikwayo na jami'a, wanda ɗalibai ke kira Dirama Bileji? Ka tsaya ka ƙare wa ɗakunan nan zagayayyu na jar ƙasa kallo, da filin tsakiya kamar tsakar gida, ka raɗa mini cewa yaushe za a gama ginin a sa kwano, kana da mai kawo maka a farashin sari. Ginin da wani Ba'amurke mai zanen gidaje, Steven Ehrlich, ya tsara a 1976 tare da Michael Etherton da ya kafa sashen wasan, da gangan suka kwaikwayi gidan Bahaushe, har yau masana gini na ambatonsa. Daga wannan wuri malamai irin su Brian Crow da Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka riƙa fita da ɗalibai. A 1977 sun kai Wasan Manoma Soba, daga baya suka je Maska, suka je Bomo, daga 1980 kuma suka shiga lungunan Samaru kanta, suna tambayar mutane abin da ke damunsu, su ƙulla wasa a kai, su dawo su yi shi a bakin kasuwa ko gindin bishiya. Ba tikiti, ba labule. Abin da ya sa ba ka taɓa jin labarinsa ba ke nan.

A daren da muka je kai kawuna kake ƙirgawa, don haka bari in tuna maka abin da aka yi. Samari biyu ne, ba su da komai sai benci. Ɗaya ya zauna ya haɗe rai ya zama ma'aikaci. Ɗayan ya yi sallama ya ce ya zo neman takardar shaidar zama ɗan asalin gari. Aka ce sunanka? Ya ce Rami. Rami wa? Ya ce Ramin Titi. Ma'aikacin ko gira bai ɗaga ba, ya rubuta. Shekarunka nawa a garin nan? Ya ce ashirin da biyu, a nan aka haife ni ina ɗan tsagi, a nan na girma, na yi aure, ga 'ya'yana nan jere har kwanar gaba. Ma'aikacin ya ce wa ya san ka? Ya ce duk wani mai mota, kullum sai sun ambaci mahaifiyata. Aka ce sana'a? Ya ce da rani ina taimakon masu faci, da damina ina kiwon kifi. Ma'aikacin ya yi dogon tunani, ya ce takarda ba za ta samu ba sai ka kawo hoto fasfo guda biyu da farin bango a bayanka. Rami ya ce ranka ya daɗe ni ai bayana ƙasa ne. Aka ce to doka ce. Suka yi minti goma suna neman yadda za a ɗauki rami a jingina shi da bango. Ƙarshe ma'aikacin ya miƙe zai raka baƙonsa, ya faɗa cikinsa.

Mutane na kwance don dariya, kai kuwa ka juyo ka ce mini mutum ɗari da sha huɗu ne, da an karɓi ko naira hamsin-hamsin.

Ga abin da kalkuleta ba za ta nuna maka ba. Shirme sana'a ce mai doka, dokarta kuma ta fi ta Kwari tsauri. Ƙarya ɗaya tak aka yarda ka yi, a farko: rami ya yi sallama. Daga nan duk abin da zai biyo baya dole ya zama gaskiya tsantsa, yadda ofis yake, yadda ma'aikaci yake magana, yadda ake neman hoto fasfo ko da gawa ce ta zo. In ka ƙara ƙarya ta biyu, ka ce ramin ya tashi sama, wasa ya mutu, ya koma sokiburutsu. Sannan nauyin duka yana wuyan wanda ba ya ba da dariya. Kowa idonsa na kan Rami, amma ma'aikacin ne ke riƙe da jinkar, kuma ka san abin da aka ce game da hannu ɗaya. Shi zai gaskata abin da ba ya gaskatuwa, ya rubuta shi a fayil, ya ƙi yin murmushi ko da ɗakin zai rushe. Da zarar haƙorinsa ya fito, mai kallo ya farka daga mafarkin. Mutum ɗaya yana cewa shi rami ne, abin tausayi ne. Mutum biyu duk suna cewa su ramuka ne, sai a nemi mota a nufi Dawanau, wadda, ka lura, a Kano take. Amma ɗaya rami, ɗaya mai hankalin da ya karɓi zancen hannu bibbiyu, nan ne mai kallo zai fara zargin ko shi ne bai gane duniya ba.

Kuma abin yana da dafi in an so. A 1981 wasu 'yan Afirka ta Kudu biyu, Percy Mtwa da Mbongeni Ngema, tare da Barney Simon, suka ƙulla wasan Woza Albert! a kan tambaya ɗaya: ina ma Almasihu ya sauka a ƙasarsu a zamanin wariyar launin fata? Su biyu suka zama mutum barkatai, har jirgin sama mai saukar ungulu suka zama. In za su fito a Bature sai su maƙala rabin wani ɗan ƙwallo ruwan hoda a hanci. A 1982 suka kai shi Edinbara, daga can ya zaga duniya. Abin da edita zai rubuta a rufe jaridarsa, mutum biyu da rabin ƙwallo sun faɗe shi ana dariya. Matan fada da ke wasan gauta, su yi shigar sarki da hakimai su kwaikwayi tafiyarsu a gabansu, sun daɗe da sanin wannan dabara. Samarin ƙauye da ke naɗa wa junansu gwamna da alƙali a kalankuwa bayan kaka, su ma haka.

Ba zan zalunce ka ba, ko bawa yana da haƙƙi. Kun yi Ibro. Rabilu Musa, Allah ya jiƙansa, tun da ya rasu a Disambar 2014 ba a cike gurbinsa ba. Amma ka koma ka kalli tsofaffin kaset ɗin nan, ka ga yadda wutarsa ta fi ci in yana da Kulu ko Tsigai a gefe, wanda zai jefa wa ya dawo masa da ita. Ka kuma tuna ladan da kuka ba shi: mutumin da ya yi aikin gandiroba kafin ya shiga wasa, a 2008 kotun tafi-da-gidanka ta aika shi irin gidan da ya taɓa gadi saboda fim ɗin Ibro Aloko. Ko su Mighty Boosh ba su isa su ƙago wannan ba. Kuna kuma da Nalako, na sara muku. Duk ƙasar Hausa ba garin da ya dubi gwaurayensa ya ga sun yi yawan da sai an naɗa musu sarki mai igiya in ba Kano ba. Mu kuwa mun ba duniya Kasimu Yero na Karambana, ɗan Zariya, wanda ya rasu a 2017, mutumin da zai tsoma baki a abin da ba ruwansa da irin natsuwar da za ka rantse shi aka aiko. Samanja Mazan Fama da ya bi shi a 2023 Banufe ne, na bar wa Katsinawa su yi ta'aziyyar nasu abokin wasan.

Abin da ke ci mini rai, Alhaji, mu biyu muka haɗu muka kashe kasuwar, kowa da irin wuƙarsa. Ku kun kwashe ta kun zuba a kaset, daga kaset zuwa faifai, daga faifai zuwa waya. Yanzu yaro ɗaya ne a ɗaki, ya ɗaura ɗankwali ya zama uwa, ya cire ya zama ɗa, ya manna dariyar gwangwani a ƙarƙashi. Ba abokin da zai cafe, ba ɗan kallon da zai yi tsaki. Wanda bai taɓa sakin zance a tsakiyar kasuwa ya ji shiru ya amsa masa ba, bai san inda zancensa ke yoyo ba. Tashen ma 'yan daba sun shiga cikinsa har 'yan sanda sun sha dakatar da shi a garinku. Mu kuma namu laifin iyayi ne. Ɗan kama ya tsufa ya mutu ba magaji, mu muna nan muna rubuta kundin digiri a kansa, babi biyar da manazarta. In ɗalibi ya ƙulla abin dariya sai an tambaye shi ina saƙon. Rami ba zai faɗa da ma'aikaci a tashi haka nan ba, sai wani ya fito gaba ya ce jama'a, darasin da muka koya shi ne a riƙa wanke hannu. Wallahi gara naka, kai ko ba komai kuɗi kake nema.

Saboda haka ga shawara, kuma ba na son la'ada. Ka bar zancen oda. Kayan na nan a hannunmu, ni da kai, tun zamanin da Sarauniya Amina ta sa kuka riƙa kawo mana gaisuwa, abin da Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya rubuta da hannunsa, kada ka ce ni na ƙaga. Shekara ɗaruruwa Bakano da Bazazzage na jefa wa juna magana a tasha da gidan biki da zaman makoki, mutane na dariya kyauta. Wa ya kai mu daɗewa a sana'ar? Ga wuri na zaɓa, ƙarƙashin gadar Kwangila, tsakanin Samaru da Sabon Gari, inda motocin Kano ke lodi, don in abin ya ƙi ka sami ta gudu. Ga wasan ma na rubuta.

Zan zo da tsakar rana in ce ina sayar da inuwata. Kai ba sai ka koyi komai ba, ka zama kanka kawai. Za ka durƙusa ka murza ta da yatsa, ka ce yadi nawa ce? In ce auna. Ka auna ka ce ko kamu biyu ba ta kai ba, wannan ai ƙyalle ne. In ce ka dawo da la'asar ka gani. Ka ce tana zuba? In ce shekara hamsin ina shiga ruwa da ita, baƙinta na nan. Ka ce 'yar ina ce, don yanzu akwai 'yar Chana, mako guda ta koɗe. In ce gadon gida ce, ta kakana ma irin ta ce. Ka taya dubu biyu, in ce albarka. Ka yi kamar za ka tafi, in ƙyale ka, ka dawo. Muna cikin ciniki rana na karkata, inuwa na tsawo, ina ƙara kuɗi, kana rantsuwa cewa ɗazu ba haka ka gan ta ba. Wajen ƙarfe biyar ta kai yadi shida, hankalinka ya tashi, ka biya dubu goma sha biyu, ka ce in yi maka gyara da ta hulata. In sallama. Ka ce to naɗe mini. Nan za mu kwashe rabin awa, ka kama kai ta zame, ka taka ƙafa in matsa ta bi ni, ka kira ɗan dako ya ce shi ba ya ɗaukar kayan da ba ya jin nauyinsu. Ana kiran magariba haja ta ɓace. Ka ci kwalata ka ce na cuce ka. In ce kayanka na sito, ka zo da hantsi ka ɗauka, amma akwai kuɗin ajiya.

Sharaɗi ɗaya ne, kada ka yi dariya. Wannan bai dame ni ba, ban taɓa ganin haƙorinka a wurin da kuɗi ke fita daga aljihunka ba. Abin da nake tsoro kada ka manta wasa ne ka kai ni ƙara wurin sarkin kasuwa, ko in waiga in tarar ka riga ka sayar wa wani fasinjan Funtuwa rabin inuwar a kan riba.

In mun yi Kwangila ta karɓu, sai mu gwada Legas, tunda su ma tun 2018 suke nasu Firinj ɗin. Edinbara kuwa sai ka sake shawara. Garin ba rana, sai in yi mako ban ga hajata ba.

Bokitin ni zan riƙe. Ba don ban yarda da kai ba, sai don na san ka. Daga ciki zan cire kuɗin shara na watan cika-ciki, na bana da na bara da na bara waccan, da kuɗin shayin da ya huce daren Talata. Abin da ya rage mu raba biyu, in ba ka kasonka a inuwa.

Ka gaida yaron nan na Sikotlan, ka ce ubangidan babansa ya ce ya riƙa sa rigar sanyi. Ka zo ranar Asabar kafin azahar, kuma ka zo da mudu da ma'aunin yadinka, kada ka ce za ka ara a nan.